Me ake buƙata daga ɗan sa kai a kwamitin ƙungiyar masu sana'a?

Tambaya: Ƙungiyar masu sana'armu ta gayyace ni in shiga ɗaya daga cikin kwamitocinta. Aikin sa kai ne, babu albashi, amma sai ga shi an aiko mini da doguwar takardar ƙa'idoji, an ce sai na sa hannu kafin in halarci zaman farko. A ciki har da riƙe sirri, da bayyana duk inda nake da moriyar kaina, da haramta maganar farashi a wurin zama. Shin wannan bai yi yawa ba ga wanda zai ba da lokacinsa kyauta? Me ake sa ran zan yi, kuma mene ne haƙƙina?

Amsa: Malam, takardar da aka aiko maka ba ta yi yawa ba, kuma da a ce ƙungiyar ta kira ka zama ba tare da ta ba ka komai a rubuce ba, da nan ne ya kamata hankalinka ya tashi. Rashin albashi yana rage yawan lokaci da wahalar da ƙungiya za ta iya ɗora maka, amma ba ya rage nauyin kujerar da za ka hau, domin abin da kwamiti ya yanke yana shafar cinikin mutanen da ba sa cikin ɗakin, kuma doka ba ta tambayar ko an biya wanda ya yanke shi. Abubuwa biyu ne suka bambanta wannan aiki da sauran ayyukan sa kai. Za ka zauna ne da sunan dukkan 'yan ƙungiya, manya da ƙanana, alhali kai ma kana da kamfani ko sana'ar da kake ci da ita. Sannan waɗanda za ku zauna tare abokan gogayyarka ne a kasuwa, kuma haɗuwar abokan gogayya a ɗaki ɗaya abu ne da hukumomi suke sa wa ido. Kusan kowace ƙa'ida a takardar daga ɗayan waɗannan biyu ta samo asali.

Kafin ka sa hannu, ka nemi a ba ka kundin tsarin mulkin ƙungiyar da kuma takardar da ta fayyace hurumin kwamitin, wato abin da aka kafa shi ya yi, da wanda yake kai wa rahoto, da tsawon wa'adinsa. A tsarin da aka fi bi, ikon yanke hukunci da kashe kuɗi da ƙulla yarjejeniya yana hannun majalisar gudanarwa wadda mambobi suka zaɓa, shi kuwa kwamiti aikinsa ya yi bincike, ya tattauna, ya miƙa shawara. Akwai kwamitocin dindindin, irin su na kuɗi da na karɓar sababbin mambobi da na ladabtarwa, akwai kuma waɗanda ake kafawa don aiki ɗaya su watse idan sun gama. Yawancin ɓacin ran da ke faruwa tsakanin 'yan kwamiti da shugabanni daga rashin fahimtar wannan yake tasowa, domin mutum zai yi watanni yana aiki a kan wata shawara yana ɗaukar cewa an riga an gama magana, sai majalisa ta gyara ta ko ta jingine ta, shi kuma ya ga an raina shi. Majalisa tana da wannan ikon. Abin da ya rataya a wuyanta shi ne ta faɗa wa kwamiti dalilinta.

Abin da ake buƙata daga gare ka na yau da kullum ba shi da wuyar faɗa, sai dai cika shi ne yake gagarar mutane da yawa. Ka halarci zama, ka karanta takardun da aka aiko kafin ka zo, kuma ka kammala aikin da ka karɓa a lokacin da ka ce za ka kammala. Kowane kwamiti yana da adadin mutanen da dole su hallara kafin zama ya halatta, saboda haka rashin zuwanka yana iya ɓata tafiyar wasu mutum biyar da suka bar ayyukansu suka zo. Shi ya sa ƙungiyoyi da yawa suke rubuta cewa wanda ya yi fashin zama uku a jere ba tare da uzuri ba, ana ɗaukar ya ajiye kujerarsa. A ganina wannan ƙa'ida ce mai kyau, domin kujerar da aka riƙe ba a aiki da ita ta hana wani mai himma shigowa. Ka tambayi sakatare sau nawa ake zama a shekara da kimanin sa'o'in da aikin yake ci tsakanin zama da zama, kuma idan a ƙarƙashin wani kake aiki, ka sami amincewarsa a rubuce, domin lokacinsa za ka ɗiba, kuma kamar yadda za ka gani nan gaba, abin da ka faɗa a kwamiti yana iya jawo wa kamfaninsa alhaki.

Game da yadda ake tafiyar da zama, ƙungiyoyi da dama a duniya suna bin tsarin da wani hafsan injiniyan sojan Amurka, Henry Robert, ya wallafa a 1876, ko wani tsari mai kama da shi. Ginshiƙinsa shi ne a ɗauki magana ɗaya a lokaci ɗaya, kowa ya sami damar faɗin ra'ayinsa, masu rinjaye su yanke, amma sai an saurari marasa rinjaye. Shi wannan tsari ya sassauta wa ƙananan kwamitoci, bai ɗora musu dukkan matakan da ake bi a babban taro ba, kuma ya tanadi cewa bayanin zama da sakatare ke rubutawa ya ƙunshi abin da aka zartar, ba sai an kawo kowace kalma da kowa ya furta ba. Ka riƙa karanta wannan bayani da kyau kafin a amince da shi a zama na gaba, domin shi ne shaidar da za ta rage bayan kowa ya manta. Idan aka yanke abin da ba ka yarda da shi ba, kana da haƙƙin ka nemi a rubuta cewa ka saɓa. Bayan haka ana sa ran ba za ka fita waje ka riƙa rushe abin da aka yanke ba. Hanyarka ita ce ka sake kawo maganar a zama na gaba da sabuwar hujja, ko ka kai ta gaban majalisa, ko kuma, idan abin ya kai inda zuciyarka ba za ta ɗauka ba, ka ajiye kujerar.

Yanzu ga batun farashi, wanda shi ne mafi nauyi a takardar, kuma shi ne sababbin 'yan kwamiti suka fi ɗauka da wasa. Tun a 1776 masanin tattalin arziki Adam Smith ya lura cewa da wuya masu sana'a ɗaya su haɗu, ko da don nishaɗi ne, hirarsu ba ta ƙare a kan wata dabarar ɗaga farashi ko haɗa baki a kan jama'a ba. Dokokin kare gasa a kasuwa a kan wannan fargaba aka gina su. Amurka ta kafa dokar Sherman a 1890, Tarayyar Turai tana da sashe na 101 na yarjejeniyar da ke tsara ayyukanta, wanda ya ambaci shawarwarin ƙungiyoyin kamfanoni ƙarara, Afirka ta Kudu ta yi tata dokar a 1998, Kenya a 2010, Najeriya kuma tana da dokar gasa da kare masu saye ta 2018. Lafazinsu ya bambanta, amma abin da suka hana iri ɗaya ne: abokan gogayya su haɗa baki su ƙayyade farashi, ko su raba kasuwa da abokan ciniki a tsakaninsu, ko su rage yawan kayan da ake fitarwa don ya yi tsada, ko su shirya wanda zai ci kwangila kafin a buɗe tayi, ko su haɗu su ƙaurace wa wani mai kawo kaya ko wani sabon shiga. Kalmar farashi a nan ta haɗa da rangwame, da sharuɗɗan bashi, da ribar da ake ɗorawa, da kamashon dillalai, kuma hukumomin Amurka sun bayyana tun 2016 cewa haɗa baki a kan albashin ma'aikata, ko alkawarin cewa kada wani ya ɗauki ma'aikacin wani, shi ma laifi ne da za su gurfanar a kansa.

Hukuncin ba ƙarami ba ne. A ƙarƙashin dokar Sherman ana iya cin kamfani tarar da ta kai dala miliyan 100, mutum ɗaya kuma dala miliyan 1 da ɗaurin da ya kai shekara 10, ban da diyyar da waɗanda aka cuta suke iya nema, wadda ake ninkawa sau uku. A Tarayyar Turai tara tana iya kaiwa kashi 10 cikin 100 na jimillar cinikin kamfani na shekara, kuma idan ƙungiya aka ci tarar bisa cinikin mambobinta ta kasa biya, dole ta nemi mambobin su haɗa kuɗin, in ba su haɗa ba hukuma tana iya bin kamfanonin da wakilansu suke cikin sassan yanke shawara na ƙungiyar. Wannan shi ne dalilin da ya sa na ce mai kamfaninku ya san da shigarka.

Mutane sukan zaci sai an rubuta yarjejeniya an sa hannu kafin a ce an yi laifi, alhali abin ya fi haka sauƙin aukuwa. A 2001 wakilan kamfanonin wayar salula biyar na ƙasar Holan sun yi zama guda ɗaya inda aka yi maganar rage kamashon da suke biyan dillalai, kuma da shari'ar ta kai Kotun Tarayyar Turai, ta yanke a 2009 cewa haɗuwa sau ɗaya tak tana iya isa a ce an haɗa baki, muddin bayanin da aka yi musaya ya kawar da rashin sanin abin da abokin gogayya zai yi gobe. Ka lura da wannan ma'auni, domin zai taimake ka a duk inda takardar ba ta yi bayani ba. Gasa tana rayuwa ne a kan cewa ba ka san abin da ɗan'uwanka zai yi da farashinsa ba, shi ma bai san naka ba. Duk maganar da za ta cire wannan rashin sani, ko da mutum ɗaya ne ya faɗi niyyarsa sauran suka yi shiru, ta shiga wurin da ake gudu. Kuma ƙa'idar ba ta tsaya a ɗakin taro ba, tana bin ku har wurin hutun rabin lokaci, da cikin mota, da zauren WhatsApp na 'yan kwamiti, wanda a gaskiya ya fi ɗakin taro haɗari domin komai a rubuce yake zama.

Idan wani ya ɗauko irin wannan magana kana zaune, shiru ba zai fisshe ka ba. Kotunan Turai sun daɗe da tsayawa a kan cewa wanda ya halarci zaman da aka ƙulla haɗin baki, bai fito fili ya nisanta kansa ba, ana ɗaukarsa ya amince. Abin da za ka yi shi ne ka ce a daina maganar, ka nemi sakatare ya rubuta cewa ka ƙi, idan kuma aka ci gaba ka tashi ka fita ta yadda kowa zai gani, ka nemi a rubuta lokacin fitarka, sannan ka sanar da lauyan ƙungiya da na kamfaninku a ranar. Na san wannan yana da nauyi ga mutum mai kunya, musamman idan wanda ya ɗauko maganar ya girme shi ko ya fi shi daɗewa a sana'a, amma ana iya yin sa cikin ladabi, kuma kariya ce ga shi kansa mai maganar. Ka kuma sani cewa hukumomi da yawa suna yafe wa wanda ya fara kai rahoton haɗin baki, tsarin da Amurka ta sabunta a 1993, Tarayyar Turai kuma ta fara a 1996, don haka duk wanda ke zaune a ɗakin yana da dalilin da zai sa wata rana ya riga sauran zuwa wurin hukuma.

Akwai ƙananan ƙungiyoyi da suka taso a kan fahimtar cewa tsayar da farashi ɗaya shi ne amfanin ƙungiya, kuma masu wannan ra'ayi sau da yawa ba mugunta suke nufi ba, tsoron karyewar ƙananan 'yan kasuwa ne yake damunsu. Damuwar gaskiya ce, amma maganin da suka zaɓa doka ta hana shi a ƙasashe masu yawa, kuma mai saye ne yake biyan kuɗinsa. Aikin halal da ya rage wa kwamiti yana da faɗi ƙwarai: horar da ma'aikata, da kare lafiyarsu a wurin aiki, da tsara ma'aunin inganci, da yaƙi da jabun kaya, da kai koke ga gwamnati a kan haraji ko wata doka, da wayar da kan jama'a. Har alƙaluman ciniki ana iya tattarawa, da sharaɗin wani amintacce wanda ba ya cikin gogayyar ne zai karɓa, su kasance na baya ba na gobe ba, kuma a haɗe su ta yadda ba za a gane na wane kamfani ne ba.

Ƙa'idar da ta ce kada ka yi magana da sunan ƙungiya sai da izini ita ma tana da tarihi. Ƙungiyar injiniyoyin kanikanci ta Amurka, wadda aka fi sani da ASME, tana tsara ma'aunan da masana'antu suke bi, kuma 'yan sa kai ne suke cika kwamitocinta. A 1971 wani ƙaramin kamfani mai suna Hydrolevel ya fara ƙwace kasuwa da wata na'ura da ke kashe wutar tukunyar tururi idan ruwa ya yi ƙasa. Babban abokin gogayyarsa, McDonnell & Miller, yana da babban jami'i wanda shi ne mataimakin shugaban ƙaramin kwamitin da ke kula da wannan sashe na ma'aunin. Jami'in da shugaban kwamitin suka shirya wasiƙar tambaya, kamfanin ya aika wa ƙungiya, aka miƙa ta ga shugaban kwamitin kamar yadda aka saba, shi kuma ya tsara amsar da ke nuna cewa irin wannan na'ura ba ta da tabbas, amsar ta fita a kan takarda mai tambarin ƙungiya. Masu tallan babban kamfanin suka riƙa nuna wa abokan ciniki wasiƙar, cinikin Hydrolevel ya lalace. A 1982 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa ƙungiyar tana da alhaki, duk da cewa ba ta neman riba, ba ta amfana da abin ba, kuma shugabanninta ba su ba da umarnin a yi ba, saboda mutanen waje sun ga alamar cewa da ikonta aka yi maganar. Ƙungiyar ta ƙare da biyan miliyoyin daloli. Saboda haka idan aka hana ka amfani da tambarin ƙungiya, ko amsa tambayar ɗan jarida a matsayin ɗan kwamiti, ko fassara wa wani ma'anar wata ƙa'ida kai kaɗai, ba raini ba ne. Idan za ka yi magana a bainar jama'a a kan abin da ya shafi sana'ar, ka fayyace cewa ra'ayinka ne ko na kamfaninku, kuma ka guji sanya muƙaminka na kwamiti a tallan kayanka.

Wannan shari'a ta kuma nuna dalilin da ya sa ake neman ka bayyana inda kake da moriya. A ƙungiyar masu sana'a kowa yana da moriya, domin da ba ka cikin sana'ar da ba a gayyace ka ba, don haka samun moriya ba abin kunya ba ne. Ɓoye ta ne laifi. Moriyar da ta game kowa, kamar neman a rage wani haraji da ya hau kan dukkan masu sana'ar, ba ta hana ka magana ko jefa ƙuri'a. Wadda ake nufi ita ce ta musamman: kamfaninku ko na ɗan'uwanka yana neman kwangila daga ƙungiya, ko ana sauraron ƙorafi a kan wanda kuke takaddama da shi, ko ana tsara ma'aunin da kayanka kaɗai suka cika, ko kana da haƙƙin mallakar wata fasaha da ake shirin sanyawa a ma'aunin da kowa zai bi. A irin wannan hali ka faɗa tun kafin a fara tattaunawa, a rubuta, sannan ka bar sauran su yanke ko za ka zauna ka ba da bayani kawai ko za ka fita gaba ɗaya. Shawarata ita ce idan kana shakka ka faɗa, domin bayyanawar da ba a buƙata ba ta cin komai sai minti ɗaya, wadda aka ɓoye kuwa idan ta fito daga baya tana iya rushe shawarar duka ta tafi da mutuncinka.

Akwai kuma cin amanar da ake yi ba tare da an karya harafin ƙa'ida ba. A 1980 ƙungiyar kariya daga gobara ta Amurka, NFPA, za ta jefa ƙuri'a a kan ko a amince da bututun roba na zura wayar lantarki a cikin ma'auninta. Masu ƙera bututun ƙarfe, ciki har da kamfanin Allied Tube, suka ɗebo mutum 230 suka yi musu rajista suka kawo su taron don su jefa ƙuri'ar ƙi kawai, aka kayar da shawarar da ƙuri'a 394 a kan 390. Dokokin ƙungiyar na lokacin ba su hana hakan a fili ba, amma a 1988 Kotun Ƙoli ta ƙi ba kamfanin kariyar da ya nema daga dokar gasa. Darasin da ke nan ga ɗan kwamiti shi ne ma'auni da sharuɗɗan shiga ƙungiya da hukuncin ladabtarwa dole su tsaya a kan hujjar da za a iya karewa a gaban kowa, kuma a ba wanda abin zai shafa damar a ji ta bakinsa.

Riƙe sirri ya fi sauƙin fahimta. Daftarin da ba a amince da shi ba, da ƙorafin da aka kawo a kan wani mamba, da shawarar lauya, da bayanan cinikin da wani kamfani ya miƙa bisa amana, duk ba naka ba ne da za ka kai wa mai gidanka ko ka yi amfani da su ka riga wasu shiri. Magana zarar bunu ce, kuma mamban da ya ga sirrinsa a hannun abokin gogayyarsa ba zai sake ba ƙungiya bayanin gaskiya ba. Jerin sunaye da lambobin mambobi ma amana ne, kuma dokokin kare bayanan mutane, irin wadda ta fara aiki a Tarayyar Turai a 2018, suna hukunta amfani da su a kan abin da ba don shi aka karɓa ba, har da tallan kayanka. Wani lokaci za ka ji an ce zama yana ƙarƙashin ƙa'idar Chatham House, wadda wata cibiyar nazari ta Landan ta fito da ita a 1927. Ma'anarta kana iya amfani da abin da ka ji, amma ba za ka faɗi wanda ya faɗa ko inda yake aiki ba. Wannan ƙa'ida ta mutunci ce tsakanin mahalarta, ba ta halatta maganar da doka ta hana, kuma ba ta hana kotu neman bayani.

Sauran ƙa'idojin gajeru ne. Ma'aikatan ofishin ƙungiya suna ƙarƙashin babban sakatare ne, don haka ba ka ba su umarni kai tsaye, kuma ladabin da za ka yi musu daidai yake da wanda za ka yi wa shugaban kwamiti. Ba ka ɗaukar wa ƙungiya alkawarin kuɗi sai da izini, abin da ka kashe na tafiya kuma ka kawo rasit a cikin lokacin da aka ƙayyade. Kyauta daga wanda ke neman wani abu a hannun kwamiti, ka mayar ko ka bayyana ta. Cin zarafi ko tsangwama ko wulaƙanta wani saboda jinsinsa ko addininsa ko ƙanƙantar jarinsa dalili ne na cire mutum, kuma ya dace ya zama haka.

Kai ma kana da abin da kake bin ƙungiya, kuma ina ganin ya kamata ka nema ba tare da jin nauyi ba. Haƙƙinka ne a yi maka bayanin aikin kafin ka fara, a aiko maka da ajanda da takardu da sauran lokacin karantawa, a tsaya a kan ajandar idan an zauna, a samar da wanda zai rubuta bayanin zama, kuma a kawo lauya duk ranar da za a taɓa batu mai haɗari. Haƙƙinka ne a mayar maka da kuɗin da ka kashe bisa ƙa'ida, kuma a faɗa muku abin da ya faru da shawarar da kuka miƙa. Ka tambaya ko ƙungiya tana da inshorar da ke kare shugabanni da 'yan kwamiti idan aka kai su ƙara a kan aikin da suka yi da kyakkyawar niyya, kuma ko sunan 'yan kwamiti yana cikin waɗanda ta rufe, domin wani lokaci 'yan majalisa kaɗai take karewa. Irin wannan inshora ba ta kare wanda ya aikata laifi da gangan. Ka duba kuma abin da takardar ta ce a kan mallakar rubutun da za ka taimaka a shirya, domin galibi na ƙungiya yake zama, kuma idan za ka kawo wani abu da kamfaninku ya riga ya mallaka, a rubuta matsayinsa tun farko.

Akwai abubuwan da idan ka gan su a takardar ya dace ka nemi a gyara kafin ka sa hannu. Sharaɗin sirri bai kamata ya hana ka kai rahoton laifi ga hukuma ko neman shawarar lauyanka ba. Sashen cire ɗan kwamiti ya kamata ya faɗi dalilan cirewa, ya ba mutum damar kare kansa, ya kuma nuna inda zai ɗaukaka ƙara, domin idan shugaba yana iya cire kowa a duk lokacin da ya ga dama, babu wanda zai faɗa masa gaskiya. Wa'adi ma ya kasance a rubuce, da iyakar sau nawa ake sabunta shi, saboda kwamitin da mutane ɗaya suka riƙe shekaru masu yawa yakan koma yi wa kamfanoninsu aiki ko da ba su yi niyya ba. Idan kuma ka bar kamfanin da kake wakilta, ko yanayinka ya canza har ba ka iya ba aikin lokacinsa, ka sanar da shugaban kwamiti a rubuce, ka miƙa aikin da ke hannunka ga wanda zai gaje ka tare da bayanin inda ka tsaya, ka mayar da takardun ƙungiya ko ka goge su daga wayarka da kwamfutarka. Alkawarin sirrin da ka sa wa hannu yana ci gaba da hawa kanka bayan ka sauka, har zuwa lokacin da takardar ta ƙayyade ko ƙungiya da kanta ta fitar da bayanin.